Wayar Malam Tanimu

Kwana biyu bayan babbar sallah muna gidan Kaka. An idar da isha'i, an ɗauke wuta, ni da Hajjo da Nafi'u muna kan tabarma a tsakar gida. Nafi'u ya tono wata tsohuwar wayar kwamfuta mai faffaɗan kai daga kwalin tarkace, yana haska ta da tocila yana tambayar ko ta zamanin wane sarki ce. Yaya Saude, 'yar wan babanmu, wadda ta girme mu duka kuma aikin kwamfuta take yi a birni, ta miƙo hannu ta karɓa. Ta juya ta sau biyu. Ba ta yi dariya ba. Ta ce mu matso, kuma a kashe tocilar. Ga abin da ta faɗa mana.

Wannan labarin ko mijina bai ji shi duka ba. Wanda ya kai shi waje a cikinku, ni da shi ne.

Shekarar da na gama makaranta aka tura ni bautar ƙasa wata madatsar ruwa, a wani ƙauye da ake ce wa Kwarin Maje. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman dam. Shugabanmu Injiniya Bawa, mutumin kirki, amma siminti da ƙarfe ya sani, ko kunna kwamfuta sai an kunna masa. A jikin bango akwai wani akwatin ƙarfe, injin auna ruwa. Shi ne yake sanin inda ruwan dam ya kai. Duk minti goma sai ya gaya wa kwamfuta, lamba ta fito a allo. Da lambar nan ake sanin yadda za a buɗe wa masu noman rani ruwa.

Abin da ya haɗa injin da kwamfuta waya ce irin wannan. Nafi'u, kawo yatsanka, shafa nan. Ramuka nawa ka ji? Tara. Biyar a sama, huɗu a ƙasa. A bayan kwamfuta akwai haƙora tara da suke shiga cikinsu. Siriyal muke ce masa. Saƙo ba ya bi a dunƙule, ɗaya bayan ɗaya yake wucewa, kamar awaki a ƙofar garke. Haƙori na uku shi ne baki, da shi ake magana. Na biyu kunne ne. Na biyar ƙasa, inda dukansu suke takawa. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi.

Mai kula da injin wani dattijo ne, Malam Tanimu. Siriri, ba ya ɗaga murya. Firamare kaɗai ya yi. Shekararsa ashirin da shida a wurin, kuma wanda ya kafa injin ne ya koya masa da hannu kafin ya tafi. Ranar da na sauka da akwatina ban san kowa ba, shi ya nema min ɗaki a gidan ƙanwarsa. Kullum da magariba matarsa Inna Gambo sai ta kawo min tuwo. Yana ce min 'yata, ina ce masa Baba.

Wayar asali ɓeraye sun cinye ta tun da daɗewa. Wadda na tarar, shi ya haɗa ta da hannunsa. Ƙusa yake sawa a garwashi ya narka dalma da ita. Ya naɗe ta da baƙin tef da robar tayar keke. Mummuna ce, ba zan ɓoye muku ba, kumburi uku gare ta kamar maciji ya haɗiyi kwaɗi. Amma tana aiki. Ni kuwa tun ranar farko take tsone min ido.

Wata Talata Injiniya ya ce manya za su zo daga hedikwata mako mai zuwa, a gyara ofis. Dama na sayo sabuwar waya daga birni, tana cikin ledarta, tana sheƙi, jira kawai nake a ba ni dama. Kowa yana ɗakin, har direba da masinja. Na zare ta Malam Tanimu, na ɗaga ta sama da yatsa biyu.

Na ce, "Wannan waya ce ko igiyar ɗaure akuya?"

Aka yi dariya. Daɗi ya kama ni.

Malam Tanimu ya matso, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. Ya ce, "'Yata, kada ki yanke. A giciye take."

Ni kuwa na amsa yadda kowa zai ji. Na ce, "Baba, shekara huɗu na yi ina karanta wannan abin."

Na ɗauki almakashi na yi mata gida uku. Na jefa a kwandon shara. Masinja ya fita da kwandon nan take.

Na soka sabuwa, na ɗaure kusoshinta biyu. Muka tsaya muna kallon allo. Minti goma. Babu komai. Ashirin. Babu. Na canza gudun saƙon, daga dubu tara da ɗari shida na sauko, na sake hawa. Na kashe na kunna. Na hure ramukan da baki. Gumi ya jiƙa min hijabi. Dariyar nan duk ta mutu, sai ƙarar fanka.

Injiniya ya ce, "Saude, me ke faruwa?"

A nan ne fa. Kalma huɗu ta ishe ni: ban sani ba, Baba. Amma idon maza biyar yana kaina, kuma yanzu na gama cika baki. Sai na ji bakina yana cewa, "Ramin injin ne ya ƙone. Wayar da aka haɗa da hannu ce ta daɗe tana cinsa. Dama a bakin mutuwa yake, zare ta da na yi ne ya ƙarasa."

Injiniya ya yarda. Me zai hana shi yarda? Ni ce mai takarda. Injin kuma daga waje aka kawo shi, dole wani ya amsa. Ya zauna ya rubuta takardar tuhuma a gabanmu. Ya ce Malam Tanimu ya zauna a gida, ranar Litinin takarda za ta tafi hedikwata. Kowa a ɗakin ya san abin da ke biyo bayan irin wannan takarda. Kora ce, da sunan wanda ya lalata kayan gwamnati, bayan shekara ashirin da shida.

Malam Tanimu ya dube ni sau ɗaya. Ya ajiye makullin a kan tebur, ya ja kekensa ya tafi.

Da magariba Inna Gambo ta kawo tuwo kamar kullum. Miyar kuɓewa ɗanya. Har ta tambaye ni ya gajiya. Kuma na ci. Wallahi na ci, Hajjo, ba sai kin kalle ni haka ba.

Laraba na tono littafina na makaranta. Ga shi nan da rubutun hannuna, har na ja masa layi. Akwai injinan da bakinsu yake a haƙori na uku, daidai da na kwamfuta. In ka sa musu miƙaƙƙiyar waya irin ta kasuwa, ka haɗa baki da baki ke nan, kunne da kunne. Kowa na magana, ba mai ji. Dole sai an giciye, bakin wannan ya tafi kunnen wancan. Abin da dattijon nan ya raɗa min ke nan. Na san shi, na ci jarrabawa a kansa, amma ban taɓa riƙe dalma ba.

Alhamis na kulle ofis na farke sabuwar wayar, na giciye biyu da uku. Shiru. Ashe tsohon injin nan ba ya buɗe baki sai ya ji alamar cewa a shirye ake, kuma alamar tana bi ta wasu haƙoran da ake haɗa su da juna a cikin kan wayar. Wanne da wanne? Littafin injin ya ɓace tun kafin a haife ni. Na gwada wannan, na gwada wancan, har yatsuna suka ƙone. Wuri biyu kaɗai amsar take a duniya. Kan Malam Tanimu, da kan wayar da na yanke.

Gidansa tafiyar minti biyar ce daga ɗakina. Ban je ba. Kunya ta hana ni.

Ku saurara da kyau, don a nan ne na fi muni. Na yanke shawarar in je juji in nemo guntun wayar, in buɗe kan, in kwafi haɗin. In gyara a ɓoye, in ce na farfaɗo da ramin da ya ƙone. A yaba min gaban manya. Shi kuma takardarsa ta tafi abinta. Ban je don in cece shi ba. Don kaina na je.

Jujin ofis yana can ƙasan dam, kusa da wani tsohon ɗakin famfo da aka daina amfani da shi. Wata siririyar hanya ce take sauka, tsakanin kaba. Ƙanwar Malam ta taɓa gaya min ba a binta rana tsaka, na yi mata dariya a raina. Na zaɓi Juma'a, lokacin da duk maza suka tafi masallaci, don kada wani ya ga mai digiri tana tonon shara.

Bazara ce. Ƙasa tana ƙuna ta cikin silifa. Da na fara sauka ina jin huɗuba ta lasifika daga cikin gari, ina jin ƙarar ruwan da ke fita ta ƙofar dam. Na wuce kaba ta farko. Na wuce ta biyu.

Sai huɗubar ta ɗauke. Ba raguwa ta yi ba. Ɗaukewa ta yi, a tsakiyar kalma.

Na ce wuta ce aka ɗauke musu. Na ci gaba. Sai na lura ƙarar ruwan ma babu. Ina ganinsa can yana zuba, fari fat, amma ba ya ƙara. Takun ƙafata kawai nake ji.

Sai ƙamshi. Ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko. Wata biyar rabonmu da ɗigon ruwa.

Na iso juji. Ƙudaje sun rufe shi, amma ko ɗaya ba ya tashi. A bakin ƙofar ɗakin famfo wata tsohuwa tana zaune. Ƙanƙanuwa. Baƙin zane har ka. Ta sunkuya tana tufka igiya a cinyarta, tana tofa yawu a tafi tana murzawa. Na ji sanyi a raina, na ce mai tsintar kaba ce.

Na ce, "Sannu, Iya."

Ta ɗago. Abin da na gani ban gane shi nan take ba. Lokacin da nake cewa sannu Iya, leɓenta yana motsi tare da nawa. Kalma da kalma. Kamar ina kallon madubi.

Sai ta rufe baki. Ta rufe shi gam. Sannan muryar ta zo, daga bayana, daidai ƙeyata.

"Kin zo."

Na juya. Ba kowa. Na juyo. Tana nan tana tufka.

Na tuna abin da Kaka take gaya mana, a dubi ƙafa. Na saci kallo. Zanen ya sauka har ƙasa. Ban ga ƙafa ba. Amma inda ya kamata ƙafa ta kasance, yashin a jiƙe yake sharkaf, kuma jiƙewar tana faɗaɗa, tana tahowa wajena a hankali.

Na nemi Ayatul Kursiyyu. Farkonta kaɗai na samu. Na maimaita shi sau uku, sauran ya ƙi zuwa.

"Me kike nema?"

Kun san me na ce? Ina tsaye gaban abin da na san ba mutum ba ne, amma na ce, "Ɗan kunnena ne ya faɗi."

Leɓenta ya faɗi ƙaryar tare da ni. Na gan ta a bakin wata, yadda take fita. Sai na ji kunnena na hagu ya yi dum, kamar na nutse a ruwa.

Ta ɗaga abin da take tufkawa. Baƙin tef. Robar tayar keke. Kumburi uku.

"Wa ya yanka?"

Na ce, "Ɓera ne, Iya."

Kunnen dama ya yi dum. Shi ke nan. Ko numfashina na daina ji. Muryarta kaɗai ta rage, kuma yanzu a cikin kaina take.

"Mai wannan, kullum da safe ta nan yake bi, ya je ya duba bakin ruwa. Kullum sai ya yi mana sallama. Shekara ashirin da shida. Yau kwana uku ba mu ji shi ba."

Ta ci gaba da murzawa. Ba ta kalle ni ba.

"Yaranmu suna tambaya."

Jiƙewar ta iso yatsun ƙafata. Sanyi kamar ruwan randa. Na so in gudu, ƙafa ta ƙi. Na so in yi kuka, ban san ko na yi ba, tunda ba na ji.

Ta ciji ƙarshen wayar da haƙori, yadda mai ɗinki yake cizon zare. Ta miƙo min. Hannun ya zo har inda nake, alhali tsakaninmu ya kai daga nan zuwa rijiyar can, kuma ba ta tashi ba.

"Kai wa mai ita."

Na karɓa. A jiƙe take. A haɗe take daga kai zuwa kai, babu alamar almakashi.

"Kada ki waiwaya."

Ban san yadda na hau tudun nan ba. Silifa ɗaya ta tsaya a can, har yau tana can.

Yanzu kuna tsammanin gidan Malam na nufa, ko? Nafi'u, kai ma haka ka zata. To ofis na nufa. Kurma, ƙafa ɗaya ba takalmi, amma raina yana ce min ai ga ta a hannunki, minti biyu ya isa ki kwafa. Haka ɗan Adam yake, ko in ce haka nake. Na kulle ƙofa, na ɗauki sukundireba, na kwance kan wayar.

Babu jan ƙarfe a ciki. Babu dalma. Zaren kaba ne, siriri, an tufka shi, yana ɗigar ruwa. Na buɗe ɗaya kan. Haka. Babu abin kwafa.

Na zauna a ƙasa. Na daɗe. Ina kallon fanka tana juyawa ba ƙara. Na tuna zan iya mutuwa a haka, ban sake jin muryar Mama ba. Tsoron nan ne ya tashe ni, ba wani abu ba. Na naɗe wayar a gefen hijabi na fita.

An sauko daga masallaci. Layin gidan Malam shi ne hanyar masallaci, ya cika da maza cikin fararen kaya. Shi kuwa yana zaune a kan tabarma a ƙofar zaurensa da wasu dattawa uku, ana gaisuwar Juma'a. Na ratsa ta cikin mutane, kaina a ƙasa. Na durƙusa kusa da shi. Niyyata in raɗa masa, yadda shi ya raɗa min ranar Talata. Daga ni sai shi.

Na matso da bakina na fara. Na ce Baba injin bai ƙone ba. Na ce wayarka lafiya take, ni ce ban san a giciye take ba. Na ce na gane tun Laraba na yi shiru. Na ce na je juji ne don in saci haɗinka in ce nawa ne.

Ina magana ina ganin abin mamaki. Dattawan nan sun ja da baya. Wani mai keke can ƙarshen layi ya taka birki ya juyo. Mata sun leƙo ta saman katanga. Malam yana ɗaga min hannu, yana saukewa, yana ɗagawa, ni kuwa na ɗauka cewa yake in ci gaba.

Wanda ba ya jin muryarsa bai san ƙarfinta ba. Ashe ihu nake yi. Duk unguwar ta ji, har waɗanda suke cikin ɗaki.

Sai na ji wani ɗumi yana gangarowa ta wuyana, gefe biyu. Ruwa ne yake fita daga kunnuwana. Suka buɗe lokaci ɗaya. Abin da na fara ji shi ne ƙarshen muryata tana dukan katangar gidan da ke kallonmu: "Ƙarya na yi maka, Baba!"

Bayan nan tsit. Wata kaza kawai take kuka a cikin gida.

Na ɗago. Injiniya Bawa yana tsaye a bayana da dardumarsa a kafaɗa. Direba yana gefensa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Injiniya ko kallona bai yi ba. Ya laluba aljihu ya ciro makullin ofis, ya durƙusa, ya miƙa wa Malam da hannu biyu. Ya ce, "Malam, a yafe mana. Takardar nan ba inda za ta je."

Malam ya karɓa. Ya dubi mutane ya ce, "Jama'a, a yi haƙuri, zafin rana ne ya taɓa yarinya." Ya ce min in shiga ciki.

A tsakar gida Inna Gambo ta ba ni ruwa, ta ajiye min wasu silifa a gabana, ba ta tambaye ni komai ba. Na kwance gefen hijabi na ba Malam wayar. Ya duba zaren kabar. Ya yi salati a hankali. Na gaya masa inda na samo ta, da abin da aka ce min.

Na ce, "Baba, ka san ta?"

Ya ce, "Ban taɓa ganin kowa a wurin ba. Sallama kawai nake yi. Babana ne ya ce min ko kango za ka wuce ka yi sallama."

Ya naɗe ta a tsumma ya ajiye a kan katanga. Ya ce wannan ba ta ofis ba ce, gobe da safe zai mayar wa masu ita. Ya sa aka kawo kasko da garwashi, ya ɗauko wata tsohuwar waya da dalma daga cikin gwangwani, ya cusa ƙusa a wuta. Ya ce in riƙe masa kan. Na riƙe.

Muna jiran ƙusa ta yi ja. Bai dube ni ba, wutar yake kallo.

Ya ce, "Zan tambaye ki abu ɗaya. Da ba ki gamu da ita ba, da kin zo?"

Na so in ce da na zo. Kalmar tana kan harshena.

Na ce, "A'a, Baba. Da ban zo ba."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya ciro wata 'yar takarda da aka ninke gida huɗu. Gumi ya sa ta yi laushi, gefenta ya fara yagewa. Ya miƙo min. Na buɗe. Zane ne da fensir. Ɗigo tara a hagu, ɗigo tara a dama. Biyu ya tafi uku, uku ya tafi biyu, biyar ya tafi biyar. Ga ƙananan haɗin nan da na kwana biyu ina nema, kowanne da lambarsa, da rubutun mutumin da bai wuce firamare ba.

Ya ce, "Tun daren Talata na zana. Kullum ina zaune a ƙofar gida da ita. Cewa na yi za ki biyo ki tambaya, in ba ki a ɓoye, ki je ki gyara, a ce ke kika gyara. Ke baƙuwa ce, kuma mace ɗaya cikin maza. Ban so a yi miki dariya ba."

Ya zaro ƙusar daga wuta. Ya ce, "Riƙe da kyau, kada dalma ta zubo miki."

Na riƙe. Hawaye yana zuba a kan hannuna, ba halin sharewa. Kafin la'asar lamba ta fito a allo. Malam Tanimu ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya da sunansa mai kyau. Ni kuwa wata bakwai suka rage min a garin nan, kuma ban sake iya haɗa ido da shi ba ko sau ɗaya. Tsohuwar nan ta tsorata ni na yini guda. Takardar nan kuwa har yau in na tuna ta sai in ji kamar in rufe fuskata.

In Allah ya kai ɗayanku Kwarin Maje, kada ya bi hanyar ƙasan dam shi kaɗai, ballantana rana tsaka. In ta kama dole, ya yi sallama tun daga kabar farko. In an tambaye shi abin da ya kawo shi, ya faɗa yadda yake.

Yaya Saude ta ajiye wayar a kan tabarma. Nafi'u ya matso har kafaɗarsa tana taɓa tawa. Can Hajjo ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, kin koma kin gaishe shi bayan kin gama?"

Ta ce, "Kullum ina cewa sai baɗi. Bara aka aiko min ya rasu."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta yi mana sai da safe ba.